Amsa: Ganin adireshin na'urorin da ke kan wifi na gida

Malam, kana son ganin adireshin IP (lambar da ake ba na'ura idan ta hau wifi) na kowace na'ura da ke kan wifi ɗin gidanka. Ta rauta, wato akwatin da ke ba da wifi ɗin, za ka bi. Juya bayanta, akwai 'yar takarda mai adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, MiFi na Huawei kuwa 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, sa kalmar sirrin shiga rautar, ka nemi sashen DHCP, wato mai raba wa na'urori adireshi. Nan suke a jere.

Sai dai kada ka yi saurin toshe wadda ba ka gane ba. Tun daga Android 10 da iOS 14, wayoyi kan ɓoye lambar MAC ta ainihi, wato lambar shaidar da rauta ke gane na'ura da ita, har wayar uwargida ta fito kamar baƙuwa. Na sha ganin haka. Buɗe saitin wifi a wayar, ka gwada IP ɗinta da na jerin tukuna.