Tambaya da Amsa: Ko Sikanin Zai Nuna Jijiyar Ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na yi targaɗe a idon sawu wajen buga ƙwallo, aka ɗauki hoton ƙashi aka ce babu karaya, amma har yanzu ƙafar tana kumbura, tana kuma turguɗewa idan na taka wuri mai gargada. Yanzu an tura ni sikanin, alhali a sanina masu juna biyu ake yi wa. Shin zai nuna wani abu? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Wanda ya tura ka bai yi kuskure ba. Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26, kuma jijiyoyi masu tauri ne ke ɗaure su da juna. Hoton ƙashi ba ya nuna waɗannan jijiyoyi, shi ya sa ake iya cewa babu karaya alhali jijiya ta yage.

Sikanin yana aiki ne da sautin da kunne ba ya ji, wanda na'ura ke aikawa cikin jiki ya dawo, ta mayar da shi hoto. Kan na'urar da ake ɗora wa mai ciki yana amfani da sauti mai kimanin megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sauti) 2 zuwa 5 domin ya kai can ciki, amma na duba jijiya miƙaƙƙe ne, yakan kai megahaz 10 zuwa 18, yana fito da abin da ke kusa da fata dalla-dalla. A yawancin targaɗe ƙafa tana lanƙwashewa ne ta ciki, kuma jijiyar da ta fi yagewa ita ce ta gaban idon sawu ta ɓangaren waje, wadda ke dab da fata. Lafiyayyar jijiya takan fito da zare-zare a jere, wadda ta ji rauni kuwa takan yi kauri ta yi duhu, ko a ga inda ta tsinke ruwa ya taru.

Babbar fa'idarsa a wurina ita ce ana duba ƙafar tana motsi. Mai aikin zai riƙe dunduniyarka ya ja ta gaba yana kallon allo, idan jijiyar ta saki zai ga ƙasusuwan suna rabuwa, sannan ya gwada da ɗaya ƙafar. Ga shi babu tururin radiyeshan da ke cikin hoton ƙashi, kuma kuɗinsa bai kai na MRI ba, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu.

Sai dai sautin ba ya ratsa ƙashi, saboda haka abin da ke can cikin gaɓa, kamar guringuntsi, sai MRI. Haka jijiyar Lisfranc da ke tsakiyar ƙafa, mai ɗauke da sunan wani likitan fiɗa Bafaranshe na zamanin Napoleon: samanta kawai sikanin ke gani, kuma rauninta yakan buƙaci hoton ƙashi mutum yana tsaye a kan ƙafar. Sakamakon ma ya dogara ga gwanintar mai riƙe na'urar, domin idan ya ɗan karkata ta, lafiyayyar jijiya sai ta yi duhu kamar mai rauni. Don haka ka tambaya tun kafin ka biya ko wurin suna duba gaɓoɓi da jijiyoyi, ba ciki kaɗai ba. Kafin sakamako ya fito ka dakata da ƙwallo, kada kuma ka bari mai ɗori ya ci gaba da murza wurin, sannan ka mayar wa likitan ƙashi takardar domin ya tsara maka atisayen ƙarfafa ƙafar.