Kafin ka miƙa wa mutum raket ɗin padel

Sani, jawo benci ka zauna tunda kasuwa ta ɗan lafa. Jiya da za mu rufe shago ka tambaye ni, "Maigida, me ya sa ka mayar da raket ɗin nan mai tsada cikin kwali, ka ba Alhajin Nasarawa wanda bai kai rabin kuɗinsa ba, alhali shi da bakinsa ya ce a kawo masa wanda ya fi kowanne?" Na ga abin ya tsaya maka a rai, kuma na ji daɗi da ka tambaya.

Ka tuna abin da na fara yi da ya shigo? Ban taɓa kaya ba. Hira na ja shi da ita, har ya gaya mini mako uku ke nan da fara wasan padel, wasan nan mai kama da tanis, shekarunsa sun haura hamsin, kuma gwiwar hannunsa ta dama takan yi masa tsami in ya tashi da safe. Waɗannan amsoshi su suka zaɓa masa raket. Ni miƙa masa kawai na yi.

Kai a kan raket ɗin tanis na koyar da kai, inda rabin aikin yana ga igiya: in ta yi tauri ka sassauta, in ta saki ka ɗaure. Raket ɗin padel ba shi da irin wannan igiya ko ɗaya. Allo ne mai huji-huji, cikinsa roba, kuma yadda ya fito daga masana'anta haka zai tsufa. In ka ba mutum wanda bai dace da hannunsa ba, babu gyaran da za mu yi masa a nan. Wani ɗan ƙasar Meziko, Enrique Corcuera, shi ya ƙirƙiro wasan a gidansa da ke Akapulko a 1969, daga can ya bazu zuwa Sifen da Ajantina, shi ya sa za ka ga sunaye irin su Bullpadel da Nox da Siux duk na Sifen ne. Filin mita 20 ne a tsawo, 10 a faɗi, kewaye da gilashi da waya, mutum biyu-biyu. Fili ƙarami irin wannan, ga ƙwallo tana dawowa daga bango, mai iya ajiye ta inda yake so ya fi mai ƙarfin duka cin wasa.

Doka ta ƙayyade girman raket: kada tsawonsa ya wuce santimita 45.5, faɗi 26, kauri milimita 38. Saboda haka kusan duk girmansu ɗaya, bambancin yana ga siffa da inda nauyi ya taru. Ɗauko mini waɗancan ukun na saman kanta.

Wannan zagayayye ne kamar faifai. Ɗora wuyansa a kan yatsarka. Ka ji yadda nauyin ya karkata wajen mariƙi? Yanzu ɗauki wannan mai faɗin kafaɗa, wanda suke kira daimon. Ka ji kansa yana rinjayarka kamar guduma. A sikeli za su iya zuwa daidai, giram 365 kowanne, amma a hannu ba ɗaya ba ne. Ko guduma in ka riƙe ta ta wajen kai ba ka jin nauyinta, in ka riƙe ta ƙarshen ƙota sai wuyan hannunka ya gaya maka. Mai nauyi a kai yana ba da duka mai ƙarfi daga sama, amma kafaɗa da gwiwar hannu ne ke biyan kuɗin.

Ga kuma abin da nake kira cibiya, wato wurin da in ƙwallo ta sauka sai ta tashi lafiya ba tare da girgiza ta shiga hannu ba. A zagayayye cibiyar tana tsakiya kuma tana da faɗi, ko mutum ya ɗan kuskure za ta yafe masa. A daimon tana can sama, ga ta ƙarama. Sabon shiga kuwa a duka goma da wuya rabi su sauka wuri ɗaya. Duk wanda ya kauce wa cibiya, girgizar ta bi ƙota ta shige jijiya. Ka ɗora wannan a kan hannun dattijon da tuni yake kuka da gwiwar hannu, ka ga abin da na guje masa. Na ukun, mai siffar ƙwai, tsaka-tsaki ne, na wanda ya kwana biyu yana wasa.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Farkon shigowar kayan padel shagon nan, wani matashi ya zo da hoton gwanin da yake kallo a YouTube, ya ce irin raket ɗinsa yake so. Na ba shi daimon mai tauri, na karɓi kuɗina. Bayan wata guda ya dawo da bandeji a gwiwar hannu, likita ya hana shi wasa. Bai zage ni ba, bai ce in mayar masa da ko sisi ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, da ka gaya mini." Har yau maganar nan ba ta bar ni ba.

Sai ciki da fuska. Cikin yawanci roba ce da ake kira EVA, akwai mai laushi akwai mai tauri, wasu kuma soso ne wanda ya fi laushi amma ya fi saurin mutuwa. Mai laushi yana shanye girgiza, yana tura ƙwallo ko da hannu bai yi ƙarfi ba. Mai tauri sai ka ba shi ƙarfi kafin ya ba ka. Fuskar kuma ko faiba ce, wato saƙar zaren gilashi, ko kabon. Faiba ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin hali, kabon ya fi tauri da ƙarko. Lambobin nan da kake gani, 3K da 12K da 18K, yawan siraran zaren da ke cikin kowane sili na saƙar kabon ne, K ɗaya dubu guda. Kada ka taɓa ce wa mai saye babbar lamba ita ce mafi kyau. Ka danna fuskar da babban yatsa, ka buga mata ƙwallo, hannunka ya gaya maka.

Akwai abin da kwalin ba zai gaya maka ba, don ba a Kano aka rubuta shi ba. Robar nan tana jin yanayi. Da bazara, a watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 40, sai ta ƙara laushi, ƙwallo ta riƙa tashi fiye da yadda mutum ya nufa. Da sanyin safiyar hunturu kuma sai ta ƙanƙame. Don haka wanda hannunsa ya fara zama kuma ba shi da ciwo, nakan ba shi mai matsakaicin tauri, don mai laushi sosai zafinmu zai sa ya zama kamar katifa. Kuma duk wanda ya saya, ka roƙe shi kada ya bar raket a but ɗin mota ya shiga Kantin Kwari ya yini. Rana ɗaya irin wannan tana iya kashe robar, fuska ta fara rabuwa da ciki.

Nauyi kuwa, yawancinsu tsakanin giram 340 ne da 390. Mata da yara masu tasowa da masu ciwon hannu ka tsaya musu ƙasa-ƙasa. Kada ka yarda da abin da aka buga a jiki, ga sikeli nan, ɗora. Ka kuma lissafa da abin da za a ƙara: kowane naɗin mariƙi giram biyar ne ko shida, tef ɗin kare baki kuma yana ƙara wa kai nauyi. Mariƙin kusan girma ɗaya yake zuwa, da naɗi ake daidaita shi. In mutum ya riƙe, yatsa ɗaya ta iya shiga tsakanin kan yatsunsa da tudun tafin hannu. In ya yi siriri zai riƙa matsewa da ƙarfi, nan ma ciwo ne. Igiyar wuyan hannu kuma doka ce, ka ja ta ka tabbatar ba za ta tsinke ba.

Alhaji ya ce ranar Asabar zai turo ɗansa, wanda ya shekara biyu yana wasa a Abuja. Kai za ka tsaya da shi, ni ina gefe ba zan sa baki ba. Ka fara da tambayarsa wane raket yake riƙewa yanzu, da abin da ya ishe shi game da shi. Kafin nan ka sauke sabon kwalin can, ka ƙwanƙwasa fuskar kowanne da bayan yatsa daga sama har ƙasa. Wanda ka ji amonsa ya canja a wani wuri, kamar tulu mai tsaga, ka ware mini shi gefe.