Landan zuwa Paris: jirgin sama ko na ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Landan, ina so in je wajen yayata a Paris in an yi hutu. Tikitin da na gani daga Heathrow zuwa Charles de Gaulle ya nuna tashi ƙarfe 9:00, sauka 11:20. Ashe akwai nisa haka? In saye shi ne, ko in shiga jirgin ƙasa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Nisan bai kai haka ba, kimanin kilomita 350 ne tsakanin filayen biyu. Agogon Faransa ya fi na Ingila da awa ɗaya, kuma lokacin garin da za a sauka ake rubutawa a tikiti. Tafiyar awa ɗaya da minti 20 ce ke nan, a ciki ma har da jiran layin tashi. Abin da za ki yi a sama bai cika kai awa guda ba.

Amma fa lissafin daga ƙofar gidanki yake farawa. Heathrow yana can yamma da gari, in kin bi layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa daga tsakiyar Landan za ki ci kusan awa ɗaya. Ki ƙara awa biyu na auna kaya, bincike da zaman jira. Kin sauka, ga layin duba fasfo, ga jiran akwati, sannan jirgin ƙasa na RER B ya ɗauke ki fiye da rabin awa kafin ki ga Gare du Nord, tashar jirgin ƙasa da ke cikin Paris. Awa biyar sun tafi, ko fiye.

Ni dai shawarata, ki shiga jirgin ƙasa na Eurostar. Daga tashar St Pancras yake tashi, ya bi ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, ya sauke ki a Gare du Nord ɗin nan dai cikin kimanin awa biyu da minti 20. Jami'an Faransa suna duba fasfo tun a Landan, saboda haka kina sauka sai ki ja akwatinki ki fita. Ki dai isa tasha da wuri, ana rufe ƙofa rabin awa kafin tashi. Ga kuma tsaraba, don na san ba za ki je wa yaya hannu rabbana ba: akwati biyu da jakar hannu duk suna cikin kuɗin tikiti, alhali tikitin sama mai araha sau da yawa jakar hannu kawai ya ƙunsa. Ki saya tun da sauran makonni, kuɗinsa yana hawa sosai in ranar ta matso.

Jirgin sama ya fi ne idan yayarki tana zaune kusa da filin Charles de Gaulle, ko daga can za ki wuce Abuja ko Legas.

Kafin ki biya ko sisi, ki duba fasfonki. In na Najeriya ne ko na Nijar, bizar Ingila ba ta shigar da ke Faransa, sai kin nemi ta Schengen, wato bizar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Turai da Faransa take ciki, kuma samun ranar miƙa takardu yakan ɗauki makonni, musamman gab da hutu.