Bagina tana cin bel, makanike ya ce a cire filta a yanke salansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina da bagi, wato ƙaramar motar nan ta shiga daji da rairayi, Polaris RZR XP 1000, ta hannu na sayo daga Kwatano, da ita nake zuwa gona da wajen dabbobi ta hanyar Dakoro. Na canza mata taya daga inci 29 zuwa 32 don ta daina nutsewa a rairayi, to tun lokacin bel biyu ta cinye cikin wata uku kuma ta yi nauyi wajen tashi. Wani makanike ya ce numfashi ne ba ta samu, a cire filtar iska a ɗaura raga, a yanke salansa, a buɗe mata kwamfuta, duka jaka 150. Wallahi tsoro nake kar in kashe injin don kayansa ba a nan kusa suke ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoron nan naka shi ya cece ka, riƙe jakarka 150 tukuna.

Injinka lafiyarsa lau, tayar da ka sa ce ta jawo maka. Daga 29 zuwa 32 ka ƙara wajen kashi 10 cikin ɗari a kewayen taya, ga nauyin robar kanta, kenan kamar ka tada mota da giya ta sama ne kullum, alhali kulocin da ke ciki an saita shi ne a kan 29. Sai bel, wato robar da ke kai ƙarfin inji ga tayu, ya riƙa sulɓi tsakanin farantan kuloci, sulɓi ya kawo zafi, zafi ya gasa roba, balle a rairayin jigawa da tsakar rana a watan Afrilu. Maganin kayan kuloci ne, wato nauyaye da sifirin da anka yi don taya 32 da tafiyar rairayi, ka faɗa wa mai sayarwa girman tayarka da irin ƙasar da kake bi kafin ya aiko. In ba ka son wannan kashin kuɗi ka koma 30. Sannan in kana tafiyar hankali, ko ka ɗauko buhunan dusa, ko kana hawan tudu, ka sa ta a L, wato giyar ƙarfi, mutanenmu a H, giyar gudu, suke barinta tun safe har magariba sai su ce bel ɗin jabu ne. Sabon bel a wanke faranta tas kafin a sa shi, kuma a lallaɓa shi kilomita 80 na farko ba da murɗe wuta ba.

Yanzu maganar filta, don ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, kusan kullum sai an kawo mini babur ko janareto ko mota da anka yi wa wanga aiki. Wai inji ya sha iska. Wace iska? Iskar Maradi? Ka shafa yatsa a kan bodin motarka da safe lokacin hunturu ka ga abin da zai biyo hannunka, wannan garin ƙurar mai laushi kamar hoda yashi ne, kuma ya fi ƙarfen silinda tauri, raga ba ta tare shi, safar ƙafa da wasu ke ɗaurawa ba ta tare shi, ko filtar nan ta 'yan tsere mai jiƙon mai da ake talla a intanet tana barin ƙura mai laushi ta wuce fiye da ta takarda. In ya shiga sai ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar tokar da mata ke goge tukunya da ita, ya cinye ringi, ya kankare silinda, ya lalata bakin bawul. Kuma abin haushin ba ranar ake ganewa ba. Ranar mota tana ruri, mai ita yana murmushi, makanike ya karɓi kuɗinsa har da na goro, sai bayan 'yan watanni ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi tana wuyar tashi da safe, a koma wajen shi wannan makaniken ya ce ai injinan Turawa ba sa jure zafin ƙasarmu. Injin da anka ƙera don sahara da duwatsun Amurka! Shi ne bai jure wa hannunka ba dai.

Kuma ruri ba ƙarfi ba ne, kunne ne kawai ke ruɗar mutum. Kwamfutar motar an saita ta ne a kan iskar da ke shiga ta filta da hayaƙin da ke fita ta salansar kamfani, in ka buɗe gaba da baya ba a ƙara mai daidai ba sai wuta ta yi tsanani a cikin silinda, har kan fistan yana iya narkewa. Ƙarfin dawaki 110 kamfani ya rubuta wa motarka, a inji mai silinda biyu cc 999 marar turbo, wanda duk ya ce maka da zarto da wayar ɗauri zai ƙara maka dawaki 30 ka tambaye shi da me ya auna.

Salansar kuma ba don ƙara kaɗai take ba, a ƙarshenta akwai wata raga mai tare tartsatsi. Kai da ke bi ta cikin gonaki bayan girbi, ga karan hatsi a tsaye, ga harawa da anka tara, ga rumbunan mutane a bakin hanya, tartsatsi ɗaya ya isa. Su kansu masu kamfanin a 2016 sun janye RZR wajen 133,000 a Amurka saboda haɗarin gobara, motoci da ba wanda ya taɓa su da zarto kenan, to ina ga wadda anka yanke wa salansa anka jefar da farantan kare zafi wai suna ƙara nauyi. In ka ƙona abincin shekarar wani talaka don kana son a ji tahowarka daga nesa, ba jaka 150 za ka biya ba, kuma haƙƙin yana wuyanka da wuyan wanda ya riƙe zarton. Ku makanikai 'yan uwana ku ji tsoron Allah, cewa ban san wagga mota ba bai taɓa rage wa kowa arziki ba.

Buɗe kwamfuta, wato canza saitin da kamfani ya yi mata, gaskiya ne ana yi kuma yana ƙara ɗan abu, amma yawancin saitin nan an rubuta su ne a kan mai mai oktan sama, wato fetur mai jure matsi a cikin silinda, kai kuwa rabin lokaci ruwa-ruwa na kwalba kake zubawa a ƙauye wanda ba ka san me anka gauraya ba. Bar ta yadda take. Haka abin nan da ake cusawa a soket ɗin bel ɗin kujera don mota ta zaci an ɗaura, motar ba ta wuce kilomita 24 a awa in direba bai ɗaura ba, da gangan anka yi haka, kar ka bari a kashe wannan kariyar, kai da ka ƙara mata tsawo da manyan tayu.

In kuɗin na ƙaiƙayinka ka sayi kayan kuloci, filta biyu na asali, bel ɗaya na ajiya tare da makullan canza shi a daji, in da saura ka sa na'urar da ke tace ƙura kafin ta kai ga filta. Lagireto kuma ka riƙa wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, ƙaiƙayi da ciyawa ke toshe shi. Tsohon bel ɗin da ya ƙone kar ka yar, ka ɗauki hoton gefensa ka turo mini, daga yadda ya ci zan gane ko faranta ma sun yi rami.