Kwamfutata ta kulle da tambarin 'yan sanda, ga takarduna a hannun hukuma

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Hamburg ta ƙasar Jamus ya rubuto mini. Ga taƙaitaccen abin da ya ce:

"Malam, barci ya gagare ni. Kwamfutata ta kulle, tambarin 'yan sandan tarayya ya cika fuskarta, har da hotona da kyamarar ta ɗauka. Wai an kama ni da kallon hotunan batsa da doka ta hana, in biya tarar Yuro 100 da katin paysafecard, wato katin kuɗi da ake saya a shago, cikin awa 48 ko a kai ni kotu. Na biya, ba ta buɗe ba, sai ma suka nemi ƙari. Izinin zamana yana ofishin baƙi ana sabuntawa. Wani ɗan ƙasarmu ya ce ya san wanda zai goge sunana daga fayil idan na ba shi Yuro 800. Kuɗin da zan tura gida zan taɓa, yayana kuwa kullum sai ya kira. Ban faɗa wa kowa ba."

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Babu wani fayil da aka buɗe maka, kuma ba 'yan sanda ne suka kulle maka kwamfuta ba. 'Yan damfara ne, zambar tasu ma tsohuwa ce. Tun 2011 take yawo a Jamus da tambarin BKA, hukumar 'yan sandan tarayya mai binciken manyan laifuka. A 2012 wata irinta mai suna Reveton ta bazu, tana duba ƙasar da mutum yake ta saka masa tambarin 'yan sandan can: a Landan na Metropolitan, a Amurka na FBI. A Fabrairun 2013 'yan sandan Sifaniya tare da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka sanar da kama mutum 11 masu wannan sana'a, shugabansu ɗan Rasha a Dubai aka cafke shi, kuma an ƙiyasta suna tara sama da Yuro miliyan 1 a shekara. Saƙo iri ɗaya suke jefa wa dubban mutane. Hoton nan da ya razana ka, manhajar ce ta kunna kyamararka don ka ji kamar ana kallonka.

Ka tuna yadda hukumar Jamus ke aiki, tunda ka saba da takardunta. Idan kotu ta yanke wa mutum tara, wasiƙa ake kawowa akwatin gidansa cikin ambulan mai ruwan ɗorawa, da cikakken sunansa da lambar shari'a, kuma yana da mako 2 ya ƙalubalanta. Babu hukumar da ke karɓar tara da katin da ake saya a gidan mai ko kantin taba. 'Yan damfarar sun zaɓi katin ne domin da zarar ka rubuta lambobinsa 16, kuɗin ya tafi, bin sawunsa kuma da wuya.

Sun san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ba zan tambaye ka shafin da ka shiga ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, kuma sau da yawa talla ce kawai mutum ya taɓa a shafin fim ko na kallon ƙwallo. Kunyar ce jarinsu. Ita ta sa ka biya cikin dare ba ka yi shawara da kowa ba.

Wanda ya fi damuna shi ne wannan ɗan ƙasar tamu mai neman Yuro 800. Kada ka ba shi ko sisi. Fayil ɗin da babu shi, me zai goge? Na sha ganin irinsu: su karɓi kuɗi, su ɓace mako biyu, su dawo su ce aiki ya yi, ko kuma su ce mutumin ciki ya ƙara farashi. Mafi muni, yanzu ya san sirrinka, gobe zai iya yi maka barazanar tona shi a cikin jama'a. Ko da gaske ya san wani a ofishin baƙi, ba wa ma'aikacin gwamnati cin hanci laifi ne a dokar Jamus, kuma wannan shi ne abin da zai iya ɓata maka izinin zama da gaske. Ka ce masa ka warware matsalar, ka gode masa, ka ja bakinka.

Kwamfutar kuwa, ka cire ta daga intanet. Ka danna Ctrl, Alt da Delete tare, ka zaɓi Task Manager, ka rufe burauzar (manhajar buɗe shafukan intanet) ta ƙarfi, idan ta tambaye ka ko ta dawo da shafukan baya ka ce a'a. Sau da yawa shafi ne kawai ya mamaye fuskar. Idan ta ci gaba da kullewa bayan ka kashe ka kunna, to manhaja ta shiga, ka kai ta shagon gyara mai rajista da ke ba da rasit. Idan ka tarar fayilolinka ba sa buɗewa, akwai shafin No More Ransom da Europol da 'yan sandan Holan suka kafa da wasu kamfanoni a 2016, yana ba da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Ka canja kalmomin sirri na imel da banki daga wata na'ura. Idan ka taɓa saka lambar katin bankinka, ka kira 116 116 a toshe shi.

Ka ɗauki hoton saƙon da wayarka, ka ajiye rasit ɗin katin, ka kai ƙara ofishin 'yan sanda ko ta shafinsu na intanet. Kai aka cuta, kuma takardunka na kan hanya, ƙorafin ba zai taɓa su ba. Idan har zuciyarka ba ta natsu ba, ka fara zuwa ofishin ba wa baƙi shawara na ƙungiyoyin agajin coci, Caritas ko Diakonie, kyauta ne. Wanda ba shi da takardu ko kaɗan, shi ne zan ce lallai ya fara ta can ko ta wajen lauya kafin ya tunkari 'yan sanda.

Sai batun yayanka. Ina girmama shi, taimakon gida kuma zumunci ne mai lada. Amma mutumin da ke jin tsoron ɗaga wayar ɗan'uwansa har ya gwammace ya miƙa kuɗi ga ɗan damfara, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Na gida su ji tsoron Allah. Wanda ke waje yana biyan haya da inshorar lafiya da haraji kafin ya ga abin da ya rage, kuma idan izininsa ya lalace kowa ya rasa. Ba dole ne ka ba shi labarin hotuna ba. Ka ce masa, "Yaya, an damfare ni ta intanet, na wannan watan zai ragu da Yuro 100." Gaskiya ce ka faɗa. Idan ya yi fushi, ka ba shi haƙuri, amma kada ka ci bashi don ka cike gurbin. Ku yanke adadin da za ka iya turawa kowane wata da ranar da za ka tura, ka roƙe shi ya rage kiran tuni har izininka ya fito.