Abokina ya shafe min aiki: mu biya kuɗi ko mu ƙaura?

Malam, mu uku ne muke rubuta wata manhaja a ma'ajiyar sirri ta GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja a intanet. Abokina ya tura aikinsa da `git push --force`, umarnin turawa da ƙarfi na Git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki), sai nawa na kwana biyu ya ɓace daga reshen main, wato babban layin aikinmu. Mu sayi tsarin da ake biya ne, ko mu koma GitLab, wani shafin irinsa?

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka tukuna. Tunda daga kwamfutarka ka tura aikin, yana nan a cikinta. Ko da ka riga ka janyo na abokinka a kai, `git reflog` zai nuna maka inda reshenka ya tsaya kafin ɓarnar.

Abin da ya yaudari abokinka shi ne `origin/main`. Mutane da yawa suna ɗauka shi ne reshen da ke kan sabar, wato kwamfutar GitHub da ke riƙe da ma'ajiyar. A'a, hotonsa ne kawai na ranar da kwamfutarka ta leƙa can na ƙarshe, kuma ba ya motsi sai ka yi `git fetch`, umarnin ɗauko sabon abin da ke can, ko makamancinsa. Da abokinka ya tura, Git ya ƙi karɓa domin akwai aikin da abokin naka bai gani ba. Maimakon ya tsaya ya duba, sai ya sa ƙarfi. Ku koya masa `--force-with-lease`, wanda ke fasa turawa in reshen nesa ya canza tun ganinsa na ƙarshe. Shi ma ba laya ba ne: in manhajar da yake rubutu da ita tana yin fetch da kanta a ɓoye, kariyar ta tashi a banza.

Batun kuɗi kuwa, tun watan Afrilun 2020 GitHub ke ba da ma'ajiyar sirri kyauta ga ko mutum nawa ne. Abin da za ku saya shi ne kulle reshe, wato hana kowa tura wa main da ƙarfi, domin a ma'ajiyar sirri sai masu biya ake ba wannan. GitLab yana bayar da shi kyauta, har ma babban reshe a kulle yake zuwa. In kwaɗon kawai kuke nema, ni da ƙaura zan yi. `git remote set-url` ya isa ya sauya adireshin, sai ku tura rassanku. Amma in kun tara tattaunawa da gwaje-gwajen da ke gudana da kansu a GitHub, wahalar kwashe su ta fi kuɗin ciwo.

Wata kuma ta tambaya: Na goge rassa a sabar, amma har yanzu suna fitowa a `git branch -r`, jerin rassan nesa. Sai na sayi manhaja mai maɓallai?

Ajiye kuɗinki, 'yar'uwa. Tsofaffin hotunan nan ne dai. `git fetch --prune` zai share su, ba kuma zai taɓa rassan da kike aiki a kansu a kwamfutarki ba.