Bin ƙwallon Jamus daga nesa: tambayoyinku kan waya, data da agogo

Saƙonnin wannan makon da yawansu daga masoya ƙwallon Jamus suka fito, wasu na bin Bundesliga, babbar gasar ƙungiyoyin Jamus, wasu kuma ƙungiyar ƙasar ce ta sace musu zuciya tun daren da ta yi wa Brazil ci 7 da 1 a kofin duniya na 2014. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Bayern Munich ne a Zariya. Na saba wasan Asabar ƙarfe 3:30 na yamma ake take shi, sai ranar nan na isa gidan kallo na tarar har an dawo daga hutun rabin lokaci. Agogon wayata ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau, agogon Jamus ne ya matsa. Su can sau biyu suke taɓa agogo a shekara. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris suna tura shi gaba da awa ɗaya, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma su dawo da shi. Mu a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ba ma yin haka. Saboda haka daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da na Jamus, 3:30 ɗinsu ita ce 3:30 ɗinmu. Sauran watannin kuwa sun riga mu da awa guda, wasan 3:30 nasu ƙarfe 2:30 zai same ka. Haka wasannin ƙungiyar ƙasa da aka fi sa wa 8:45 na dare agogonsu, a watan Yuni ko Satumba ƙarfe 7:45 ne a wajenmu, ga shi dab da isha'i.

'Yan'uwanmu na Ghana su cire awa ɗaya lokacin sanyin Turai, awa biyu lokacin zafinsu. Na Sudan kuma akasin namu ne: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suke daidai da Jamus.

Abin da ya fi jefa mutane cikin wannan rami shi ne hoton jadawalin wasanni da ake turawa a WhatsApp. Hoto bai san inda kake ba, lokacin da aka rubuta a kansa shi zai nuna maka ko a ina ka buɗe shi. Manhajojin sakamako irin su FotMob da SofaScore da OneFootball kuwa suna duba yankin lokacin da wayarka take kai, su juya maka lokacin wasa zuwa naka. Sharaɗin kawai shi ne saitin wayar ya zama daidai. Ka shiga saiti, wajen kwanan wata da lokaci, ka kunna ɗaukar lokaci kai tsaye daga kamfanin layi. Wanda ya sayi waya ta hannu da aka shigo da ita daga waje ya fi kowa buƙatar duba wannan, domin akwai masu gyara agogon da hannu ya yi daidai a ido, alhali wayar har yanzu tana ɗauka a Dubai take.

Tambaya: Malam, ranar da Jamus ta kara da Sifaniya a gasar Turai ta 2024, ina kallo a waya sai na ji maƙwabta sun ɗauki ihu, ni kuwa a wajena ƙwallon tana tsakiyar fili. Me ke kawo wannan jinkirin? Akwai maganinsa?

Amsa: Ina jin ƙwallon da Mikel Merino na Sifaniya ya ci da ka a minti na 119 kake nufi, wadda ta fitar da Jamus a Stuttgart. Allah ya ba da haƙuri.

Maƙwabtanka da tauraron ɗan'adam suke kallo. Hoton dish yana zubowa ne ba yankewa, jinkirinsa daƙiƙoƙi kaɗan ne. Na intanet daban yake tafiya. Sai an yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta 'yan daƙiƙoƙi, a matse ta, a aika ta manyan kwamfutocin da ke rarrabawa, sannan wayarka ta tara guda biyu ko uku a ajiye kafin ta fara nuna maka, don kada hoton ya tsaya idan sabis ya yi rauni. Kamar mai ga-ruwa ne da ba zai turo kura ba sai ya cika jarkokinsa. Idan aka haɗa wannan duka, rabin minti zuwa minti ɗaya ba abin mamaki ba ne. Shafukan da ke satar hoto daga wasu tashoshi su sake watsawa kuwa suna ƙara nasu jinkirin a kai, har ya kai minti biyu ko fiye.

Ba za ka iya kawar da shi gaba ɗaya ba, amma za ka rage. Idan hoto ya tsaya ya ci gaba, yawanci daga inda ya tsaya yake ɗorawa, ka ga ka ƙara zama a baya. Ka taɓa alamar kai tsaye da ke ƙasan bidiyon don ya tsallako zuwa inda ake. Ka kuma rage ingancin hoton, domin ƙaramin hoto bai cika tsayawa ba. Sannan ka kashe sanarwar cin ƙwallo ta wannan wasan a manhajar sakamako, don rubutu ya fi bidiyo sauri nesa ba kusa ba. Ihun maƙwabta dai sai abin sa wa a kunne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ji cewa tashoshin ARD da ZDF na Jamus suna nuna wasannin ƙungiyar Jamus kyauta a shafukansu. Na shiga daga Maraɗi, sai ya rubuto wani abu da Jamusanci ya ƙi buɗewa. Wani abokina ya ce in sa VPN, wani kuma ya turo mini wata manhaja ta Telegram wai tana nuna kowane wasa kyauta. Wanne zan bi?

Amsa: Abin da ya rubuto maka, a taƙaice, shi ne ba a yarda a nuna wannan bidiyo a ƙasarka ba. Dalilin kuɗi ne. Masu gasa, ko hukumar ƙwallon Turai ce ko kamfanin da ke gudanar da Bundesliga, suna sayar da haƙƙin nuna wasa yanki-yanki. ARD da ZDF haƙƙin cikin Jamus suka saya, kuma da kuɗin da gidajen Jamus ke biya duk wata ake riƙe da su, don haka kyautar ta mazauna can ce. Yankinmu na kudu da Sahara wani kamfani ake sayar wa daban. StarTimes, alal misali, ya sayi na Bundesliga a 2015. Irin wannan yarjejeniya tana da wa'adi kuma tana sauya hannu, shi ya sa a farkon kowace kaka ya kamata ka duba shafin Bundesliga na hukuma, akwai jerin tashoshin da ke nunawa a kowace ƙasa. Ka kuma lura cewa mai haƙƙin Bundesliga ba lallai ne ya zama mai haƙƙin wasannin ƙungiyar ƙasa ba, ciniki biyu ne.

Yadda shafin ya gane kana Maraɗi kuwa, ta adireshin IP ne, lambar da kamfanin layinka ke ba wayarka duk lokacin da ta hau intanet. Aikin VPN shi ne ya bi da kai ta wata kwamfuta a wata ƙasa, sai shafin ya ga lambar can. Wani lokaci yana yi. Sai dai tashoshin sun san lambobin manyan kamfanonin VPN suna toshe su, hanya ta ƙara tsawo hoto ya riƙa tsayawa, kuma ka saɓa wa ƙa'idar shafin. Na kyauta kuma ina da shakku a kansu, domin duk abin da kake yi a intanet ta hannunsu yake bi, kuma dole akwai inda suke fanshe kuɗin da suke kashewa.

Manhajar Telegram ɗin nan ita ce ta fi tayar mini da hankali. Fayil ne na APK, wato na ɗora manhaja a wayar Android, da bai bi ta Play Store ba, babu wanda ya tantance shi. Da yawa daga irinsu suna nuna ƙwallon da gaske, shi ne abin da ke sa mutum ya saki jiki. Ka dubi izinin da take nema. Mai nuna bidiyo ba ta da abin yi da saƙonninka na tes, ko lambobin mutanenka, ko izinin nan na taimaka wa masu lalurar gani da ke ba manhaja damar karanta duk abin da ke kan allo har ta danna maɓalli da kanta. Wadda ta samu waɗannan za ta iya karanta lambar sirrin da banki ke turo maka, ko ta asusun kuɗin waya. Idan ka riga ka ɗora ta, ka cire ta yau, ka buɗe Play Store ka sa Play Protect ya binciki wayar, ka canza lambobin sirrinka na banki da na imel, zai fi kyau daga wata wayar. Kuɗin shiga gidan kallo bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke cikin asusun mutum ba.

Tambaya: Malam, data nawa wasa ɗaya ke ci? Ni ɗaliba ce, ina son Leverkusen tun kakar 2023/24 da suka ɗauki kofin Bundesliga ba a doke su ko sau ɗaya a gasar ba, lokacin Boniface da Tella suna can.

Amsa: Ƙanwata, lissafin mai sauƙi ne. Bidiyon da ke jan megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin MB 450 a awa. Wasa da hutunsa kusan awa biyu ne. A ingancin 480p ki sa ran kusan GB 1, a 720p kuma GB 2 ko fiye. Idan kika bar manhaja ta zaɓa da kanta, duk lokacin da sabis ya yi ƙarfi za ta haura sama, don haka ki zaɓa da hannu. A allon waya 480p ya isa a gane lambar riga.

Sauti kaɗai bai kai MB 30 a awa ba a matsakaicin inganci, sharhin rubutu minti-minti kuma bai ma kai haka ba. Ni da zan ba ɗalibi shawara, ya bi wasa da rubutu, da dare ya kalli taƙaitaccen bidiyon ƙwallayen a shafin YouTube na Bundesliga idan an buɗe wa ƙasarsa, ya ajiye datar kallo kai tsaye don manyan wasanni. Sashen Hausa na DW ma yana kawo sakamakon Bundesliga a labarin wasanninsa, rediyo kuma ba ya cin data.

Tambaya: Ina gaisuwa daga Kumasi. Black Stars nake bi, ina kuma bin Jamus tun lokacin da 'yan'uwan nan biyu, Jerome da Kevin-Prince Boateng, suka fuskanci juna a kofin duniya na 2010 da na 2014. Na saita sanarwar ƙungiyoyin biyu, amma ba ta shigowa sai na buɗe manhajar.

Amsa: Tsarin tanadin batir ne yake kwantar da manhajar idan allo ya daɗe a kashe. Ka danne alamar manhajar, ka shiga bayananta, wajen batir ka zaɓi wanda ba ya taƙaita ta. Wasu wayoyin suna da wani saitin daban na barin manhaja ta tashi da kanta, shi ma ka kunna. Daga Android 13 zuwa sama sai ka ba da izinin sanarwa da kanka, mai yiwuwa ka danna a'a ranar da ka ɗora ta. Ka duba tanadin data ma, yana hana manhaja jan bayani a ɓoye. Abu na ƙarshe, Jamus tana da ƙungiyar manya, da ta 'yan ƙasa da shekara 21, da ta mata, duk da tuta iri ɗaya a cikin manhaja. Ka tabbatar wadda kake so ka yi wa alama.

Tambaya: Malam, an turo mana hoto a guruf wai Jamal Musiala ya bar Jamus zai dawo buga wa Super Eagles, har da shi sanye da koriyar riga. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, kuma ba sai an je da nisa ba. Mahaifin Musiala ɗan asalin Najeriya ne, haka ma na Karim Adeyemi, wani ɗan wasan Jamus, shi ya sa irin wannan labari yake shiga rai. Amma Musiala ya zaɓi Jamus tun 2021, ya buga mata kofin duniya na 2022 da gasar Turai ta 2024. Dokar FIFA ba ta barin wanda ya taka wa babbar ƙungiyar wata ƙasa leda a irin waɗannan gasa ya sauya sheƙa. Rigar kuwa, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna ɗinka wa kowa ita cikin minti ɗaya.

Idan irin wannan hoto ya zo, ka buɗe shi da Google Lens ka ga inda ya fara fitowa. Kada shuɗiyar alamar da ke gaban suna a X ta ruɗe ka, yanzu da kuɗi ake sayenta. Jerin 'yan wasan da aka gayyata yana fitowa ne a shafin hukumar ƙwallon Jamus, dfb.de, kuma yana da ɓangaren Turanci. A jaridun can, mujallar kicker ta fi taka-tsantsan, Bild kuwa tana da majiyoyi a Bayern amma tana son kanun labarai masu zafi, sai ka karanta har ƙasa. Duka biyun da Jamusanci suke rubutu. Ka buɗe su a Chrome ka sa ya fassara maka shafin. Akwai Hausa a cikin zaɓin, tana isa a gane wa ya ji rauni da wa zai buga, amma idan maganar kuɗin ciniki ce ko tsawon kwantiragi, ka sake dubawa da Turanci ko Faransanci kafin ka tura wa guruf.